Ranar da Muka Kwantar da Firji

Karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma tsiyar da na riƙa tsulawa ta fi karatun yawa. Amma da aka kawo wa ɗakin shan maganin ƙauyenmu, can wajen Doguwa, farantin da ke shan hasken rana da babban batir da firjin ajiye allurar rigakafi, ni aka naɗa sarkin wuta. Dalili kuwa, na taɓa bin mota, na san jar waya da baƙa.

Aikin ba wuya: batir ɗaya, bakuna da yawa. Abin da ba ya aiki in cire masa waya ya kwanta, in an buƙace shi in tashe shi. Fanka ce ke fara kwanciya, sai fitila, sai rediyon malamin asibiti, wanda muke kira Likita. Firji kaɗai ba a taɓawa. Daga baya aka jawo waya zuwa lasifikar masallaci, don katanga ɗaya ce tsakani.

Sai marka ta sauka. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, batir ya yi laushi. Na kwantar da komai, firji kawai ke gurnani. Ana jiran ranar kasuwa a yi wa yara allurar ƙyanda, cikinsu har da autata da ke goye.

Da hantsi wani dattijon gari ya rasu. Liman ya zo da kansa, laima a hannu.

"A ba mu wuta mu sanar da mutanen gona da na ruga."

"Allah gafarta Malam," in ji Likita, "batirin ba zai ɗauki biyu ba."

"To ku kwantar da ɗayan. Akwati ne ko mutum?"

Na ce, "Baba, wannan akwatin ya fi ni nauyin barci."

Ba wanda ya yi dariya. Likita baƙo ne, saurayi, ba ya iya musu da furfura. Ya dube ni ya gyaɗa kai, na sauya waya.

An yi sanarwa, an maimaita, an haɗa da nasiha. Da muka mayar wa firji wayarsa, ya yi tari, ya yi shiru. Ashe tashinsa ya fi zamansa a farke cin wuta. Ƙarfin da zai riƙe shi yana aiki ba zai iya tayar da shi ba. Muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kafin rana ta leƙo, allurar ta lalace.

Ranar kasuwa mata suka sauko daga rugage da goyo, aka sallame su. Matata ma ta juya. Aka ce za a kawo wata allurar daga birni, muka yi ta sauraro.

Ƙyanda ta riga ta zuwa, da bazara. Ranar da auta ta cika, rana ta take, batir ya cika maƙil. Liman ya aiko a ba shi wuta. Ni na maƙala wayar, ban ma cire ta firji ba.