Tayar da Ta Sauke Baba

Baba gajere ne, kuma ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa a ƙuruciya, ba ta ɗoru daidai ba. Amma babur ɗinsa kamar don shi aka ƙera, in ya tsaya tafin ƙafarsa na dama yana taka ƙasa sosai. Tsayawa kuwa ita ce rabin tafiyarsa. A wajenmu gida na jikin gida, gona na jikin gona, ba ka barin wata majalisa sai ka hango wata, kuma mutumin kirki ba ya wuce dattawa da ɗaga hannu. Sai ya tsaya, ya sauke ƙafa, a gaisa har a tambayi lafiyar awaki.

A shekarun da taki ya gagari talaka, babban yayanmu ya fara aron babur ɗin yana dakon tumatir daga Watari zuwa Ɗambatta. Ba na musun cewa da dakon nan muka ci tuwo. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ranar da ya dawo da sabuwar tayar baya, ƙatuwa mai ƙuraje, bai shawarci kowa ba. Wai ta fi jure kaya da yashi. Wilin dai na da ne, amma gefen tayar ya fi tsayi, sai ta ɗaga bayan babur ɗin, mazaunin ya ƙara sama da kamar yatsu biyu. Yaya zanƙalele ne, ko a jikinsa.

Da Baba ya hau washegari, na ga ɗan yatsan ƙafarsa ne kawai yake laluben ƙasa. Uba irin namu ba ya buɗe baki ya ce wa ɗansa abu ya fi ƙarfinsa. Ni ce na tari Yaya a zaure.

"Yaya, ba ka ga ƙafar Baba ba ta kai ƙasa ba?"

"Ke kin cika sa ido. Ya ce miki ya kasa ne?"

Ya san sarai Baba ba zai taɓa faɗa ba.

In babur na tafiya babu matsala, tsayawar ce abin tsoro. Sai Baba ya fara wuce majalisa yana ɗaga hannu daga nesa. Kafin ka ce me, magana ta zaga cewa tunda ɗansa ya kama harkar tumatir Malam ya daina ganin mutane. Maganar ta dawo kunnensa, ya wuni bai taɓa abinci ba.

Ana nan aka yi rasuwa a ƙauyen da ke gabanmu. Wurin ta'aziyya babu zancen ɗaga hannu. Baba ya isa ƙofar gidan, jama'a cike a kan tabarmi, ya taka birki, ya miƙa ƙafa, wurin kuma ɗan gangare ne. Ƙafar ba ta sami komai ba. Babur ya yi tangal-tangal, ya kwanta ta hagu a kan ƙafar nan mai tsohon ciwo, hularsa ta gangara har gaban liman. Bai ji rauni sosai ba. Samari suka ɗaga babur, wani cikin tausayi ya ce, "Baba, ai girma ya zo, a bar wa yara." Da ƙasa a rigarsa ya yi ta'aziyyar, aka goyo shi a bayan babur zuwa gida.

Da la'asar ya kira Yaya ya miƙa masa makulli. Yaya ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, yana ta "Allah ya ƙara girma." Ladabin nan ya fi komai ƙona mini zuciya.

Tsohuwar tayar ba ta ma ƙare ba. Inna ta ɗauke ta ta girke randa a kai. Na roƙi Baba ya bari a kai wa mai faci ya mayar da ita. Ya dubi tayar, ya ce, "Bar ta, 'yar nan, tana riƙe da randa."

Bai sake hawa babur da kansa ba har ya bar duniya. Da sanda ya riƙa zaga majalisun, yana ɗingishi, yana tsayawa a kowace. Tayar tana nan a ɗakin Inna, kuma duk sanda na sunkuya ɗiban ruwa sai na ga zanenta bai ko shafe ba.