Malama Murjanatu, Mai Babban Lissafi

Shekara talatin da biyu, ƙarfe bakwai ba ta cika sai Malama Murjanatu Sha'aban ta sauka daga motar Zango a bakin makarantarmu ta 'yan mata, alli cikin jakarta. Makon jiya ta yi ritaya. Ba a yi mata taro ba, don haka ni da muka koyar tare zan faɗi abin da na gani.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wasu iyaye suka zo suka ce a rufe ajin babban lissafi, wai bai dace da 'ya mace ba. Shugaban makaranta ya fara sassautowa. Malama ta miƙe, ta gyara hijabi.

"Ranku ya daɗe, rabon gado da me ake yin sa? Ku kawo min ayar da ta hana mace lissafi, yau zan ajiye alli."

Duk da haka aka karɓe mata aji. Ta kwashi yaranta bakwai zuwa gindin darbejiya, can suka yi zangon karatu biyu.

Amma abin da ya fi girma a idona shi ne maganar ɗalibarta Haulatu, wadda ta fi kowa lissafi. Yayanta ya sami taɓin hankali, aka ɗaure shi a gida. Yarinyar ta zo tana kuka, ta ce za ta bar babban lissafi, ilimin halayyar ɗan Adam take son bi.

Shugaba ya ƙi, don ita ce za ta wakilce mu a gasar jiha. Ya kira Malama ta lallashe ta.

"Yallaɓai, ban yi faɗa don a tilasta musu lissafi ba. Na yi ne don su zaɓa da kansu."

Da hannunta Malama ta cika wa Haulatu takardar sauya aji. Gasar ta kuɓuce mana, aka ba Malama takardar gargaɗi. Yau Haulatu tana duba masu taɓin hankali a asibiti, yayanta kuma yana noma gonarsu a Mashi.

Malama, ke ce kika rasa ɗalibar da kika fi so, ba ki ko ɗaure mata fuska ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da muka rage a aji, in yaro ya zo da zaɓinsa, mu tsaya masa kamar yadda kika tsaya.