Ranar da Mita Ta Yi Ƙara a Falo

A danginsu Likitar Inji ake ce mata, kuma ba don yabo ba. Ta yi digirin digirgir, tana koyarwa a jami'a, sannan a asibiti ita ke kula da kamarar da ke ɗaukar hoton cikin jiki bayan an yi wa mutum allurar radiyeshin. Ita ke gwada kamarar kusan kowace safiya, ita ke auna abin da za a zuba a sirinji. Amma tunda ba ta rubuta magani, a wajen 'yan'uwa ba ta wuce bakanike mai farar riga ba. Ita kuwa ko a jikinta. In an tsokane ta, sai ta ce injin ya fi su jin magana.

Abu ɗaya ne ya ci mata rai, kuma daga Goggo ya fito, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta. Wata rana Goggo ta ji tana gargaɗin wani majinyaci a waya cewa kada ya ɗauki jariri sai gobe, in allurar ta bar jikinsa. Nan take Goggo ta yanke hukunci. In allura ɗaya ta hana mutum taɓa jariri, ina ga wadda ta tsufa cikin abin? Ga shi kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun daga ranar, duk jaririn da aka haifa a dangi sai dai ta hango shi daga bakin ƙofa. Ta yi bayani har bakinta ya gaji. Abin yana yi mata ciwo, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

Da matar ƙaninta ta haifi 'ya mace, Likitar Inji ta rantse wannan karon sai ta ɗauka. Ranar Laraba ce, ranar da take wuni a aji ba ta leƙa asibiti. Tana tashi daga darasi ta ɗauko mitar da take nuna wa ɗalibai, wadda ke yin ƙara in ta ji radiyeshin, ta wuce gidan ƙanin.

Falon cike yake. Jaririyar na hannun kakarta ta wajen uwa. Goggo kuwa, wadda kullum ita ce ta farkon karɓar jariri, tana can jikin taga ita kaɗai, wai mura take yi.

"Tsaya nan, 'yar nan," in ji Goggo.

"Yau kam ba zan tsaya ba, Goggo. Na zo da shaida."

Ta kunna mitar ta bi hannayenta da ita, da rigarta, da jakarta. Sai ɗan ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ta kai ta jikin bango, haka. Ta ɗora a kan sanƙon ƙaninta, haka, yara suka fashe da dariya. Sai ta nufi taga don Goggo ta gani da idonta. Ba ta ƙarasa ba mitar ta ɓarke da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano.

Ta ja da baya, ƙarar ta lafa. Ta matsa, ta dawo. A lokacin ta lura da audugar da aka manna a gwiwar hannun Goggo, da gorar ruwa a gefenta, irin wadda ake ce wa majinyata su yi ta sha bayan allura. Ta tuna ciwon bayan da Goggo ta daɗe tana cewa tsufa ne, da ƙullutun da aka cire mata a nono bara. Ashe hoton ƙashi aka yi wa Goggo yau, don a ga ko ciwon daji ya bazu. Goggon ta kuma zaɓi Laraba don kada su haɗu a asibiti. Goggo ta ɗago ido ta dube ta, ba faɗa a ciki, sai roƙo.

"Kun ji ko!" in ji kakar, ta ƙanƙame jaririyar tana nuna Likitar Inji. "A jikinta abin yake!"

Kalma ɗaya za ta wanke ta a gaban kowa, ta kuma sani, amma za ta tona asirin Goggo. Ta kashe mitar ta jefa a jaka.

"Batirin ne ya yi sanyi," ta ce. Ta je ta wanke hannu, ta dawo ta tsaya a gaban kakar. "Mama, miƙo min ita."

"Wallahi ba zan..."

"'Yar ƙanina ce. Ko ki miƙo, ko mu kwana a haka."

Aka juya ana kallon Goggo, tunda dokar tata ce. Goggo ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ku ba ta," ta ce a hankali. "Ta fi mu sanin aikinta."

Jaririyar ba ta da nauyi ko kaɗan, ga ɗumi, ga ƙamshin sabulu. Shekara da shekaru tana jiran wannan rana, ta zaci guɗa za ta yi, sai ga hawaye. Ba ta matsa kusa da taga ba, don ta san doka. Daga tsakiyar falo ta janye zanen daga fuskar yarinyar, ta ɗaga ta sosai yadda Goggo za ta iya hangowa.

"Gobe zan kawo miki ita har cinya, Goggo," ta ce. "Sakamakon kuma tare za mu je karɓa."