Jiƙaƙƙen Buhun Kawu Sahabi

Ranar wata Laraba, a ranin da na shiga aji huɗu, na kai wa Baba fura fadamarmu da ke ƙasan madatsar Goronyo, na tarar da injin ban-ruwa yana tari kamar tsohon jaki. Inji ne mai aiki da hasken rana. Sai ya zabura kamar zai zuƙe gulbin Rima duka, sai ya tsaya cik, jar fitila na ƙyaftawa a akwatinsa. Albasa kuwa ta sunkuyar da kai. Ban ko sauke ƙwarya ba idanun duk masu aikin fadamar suka yo kaina.

"Balki, mi kinka taɓa?" in ji Baba.

"Ba ni ta ba."

Na yarda ina da tarihi. Ni na sa kwaɗo a aljihun yayana Nura, ya yi tsallen da na rantse sai da mutanen Kagara suka hango shi. Amma inji ban taɓa shi ba. Baba ya yanke hukunci: ko in amsa laifi in roƙi gafara, ko ƙafata ta bar fadama har abada. Fadamar da nake cin tumatir da gishiri, nake tseren jirgin kara a hanyar ruwa! Na ce na zaɓi har abada.

Aka tsare ni a gida da surfe da wanke-wanke. Inna ta yi lallashi, ta ce, "Ɗiya, haƙuri ba ya kisa." Na ce nawa zai yi. Na shiga yajin cin tuwo, sai dai ƙanzo, don ƙanzo ba tuwo ba ne.

Da albasa ta fara rawaya, Baba ya ɗauko wani mai gyara daga Wurno, ni kuma na bi bayansu na laɓe a gindin giginya. Mutumin ya kwance murfi ya nuna wani abu kamar ƙwayar wake, wai sansa. Shi ne idon da ke lura da gudun inji yana gaya wa akwati. In ya makance, akwati ya rikice ya kashe wuta. Ya ce zafi na kashe shi, ɓera na cin wayarsa, amma wannan ruwa ya sha. Bakin wayoyin ya yi kore shar da tsatsa.

"Wa ka jiƙa injin ga?" ya tambaya.

Kawu Sahabi, yayan Inna da ke taya Baba aikin fadama, ya fara gyaran hula. Ashe kullum rana ta take, tausayi ke kama shi, sai ya tsoma buhu a ruwa ya lulluɓe injin, yadda Inna ke yi wa randa don ta yi sanyi. "Bawan Allah na aiki cikin rana, in bar shi ya ƙone?" in ji shi.

Na fito daga maɓoyata da tafiyar da ko amarya ba ta kai ni yanga ba. Mai gyara ya shanya sansan, ya kankare tsatsa, ya goge ƙurar ƙarfe daga maganaɗisun injin, ya liƙe waya da dalma, ya sa gam ya toshe kafar da ruwa ke shiga. Ya ce inuwa inji ke so, ba wanka ba. Aka kunna inji, ruwa ya kwararo, na tsaya gaban Kawu ina jiran a ba ni haƙuri. Ya dube ni, ya dubi sama, ya miƙo mini rake. "Sha, ja'ira." Na sha, amma na sanar da shi cewa rake ba haƙuri ba ne.

Yanzu ina makarantar kwana, fadama sai hutu. Injin na nan ƙarƙashin rumfar zana da Kawu ya kafa da hannunsa, shi kuwa gwiwa ta zaunar da shi a zaure. Duk na dawo, raken na jingine a gefen tabarmarsa, ya kankare mini shi tun safe. Har yau bai faɗi kalmar ba, ni ma har yau ban daina jira ba.