Babur Ɗin da Ya Fito Daga Daji

Wata huɗu da kawo mu Birnin Gwari na sayi babur. Lokacin ina kofur, kuma na gaji da jiran motar sansani duk ranar da nake son shiga kasuwa. Wani bakanike a bakin tasha ya sayar mini, ja, na hannu amma bai sha wuya ba, har da rasit. Sajanmu ya duba takardar, ya ce in dai ba da kaki zan hau ba, babu ruwansa.

Aikina a kwanakin nan tare babura ne a shingenmu na hanyar Randagi. Da safe ina tsayar da manoma ina tambayarsu inda suka samo nasu. Da yamma ina hawa nawa, ba mai tambayata.

Wata ranar kasuwa na ajiye shi kusa da masu albasa. Da na dawo sai na tarar da wata dattijuwa Bagwariya tsaye, ta ɗora hannu a kan sirdin.

"Ɗana, naka ne?"

"Nawa ne, Mama."

"Namu ne," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Na yi dariya, na ce jajayen babura sun cika gari. Ta ce in cire murfin gefe in duba ciki. Na cire. Ga ɗan gicciye an karta da ƙusa.

Nan a tsaye ta ba ni labari. Da daminar bara 'yan bindiga suka ɗauke mijinta a gona, suka ce sai an kai musu sabon babur. Dangi suka haɗu suka saya. Kafin a tafi da shi ta karta wannan alamar tana addu'a. Ƙanin mijin ya hau ya kai bakin daji, ya dawo a ƙafa. Bayan kwana biyu aka sako mijin.

Na mayar da murfin. Na koma wajen bakaniken raina a ɓace. Ya rantse shi ma saye ya yi wajen wani mutumin Dogon Dawa, wanda shi kuma a kasuwa ya saya. Na dube shi ban ga alamar ƙarya ba, ban kuma ga ta gaskiya ba. Na kai wa saje maganar.

"Kai ke da takarda, ita ba ta da ita," ya ce. "In ka kai shi ofis ya zama shaida, a jingine shi da sauran har ciyawa ta cinye shi."

"To yaya zan yi, oga?"

"Ni na aike ka ka saya?"

Kwana uku ban taɓa babur ɗin ba. A na huɗu na nemi izini, na hau zuwa ƙauyen da dattijuwar ta ce mini nan suke, ba shi da nisa da shingenmu. Niyyata in miƙa makulli in dawo a ƙafa, hankalina ya kwanta.

Na sami maigidan zaune ƙarƙashin mangwaro yana ɓare masara, ramamme. Yana ganin babur ɗin ya ajiye kwanon.

"Baba, na kawo muku kayanku ne."

"Fitar mini da shi daga gida."

Matar ta fito daga madafa da sauri. Suka shiga musu da Gwaranci, ni ina tsaye da makulli a hannu, ban san ko a kaina ake yi ba. Ita tana nuna buhunan masara tana nuna hanya. Shi ko ɗaga kai bai yi ba. Can ya juyo ya yi mini Hausa.

"Soja, shi aka bayar aka karɓo ni. In ya dawo gidan nan, ni kuma ina zan koma?"

Na mayar da makullin aljihu. Matar ta shiga rumbu, ta fito da doya biyu ta ɗaure mini a bayan sirdi da kanta. Haka na koma sansani da babur ɗin da na je mayarwa.

Daga nan, ranar kasuwa in ba ni da aiki, nakan same ta a bakin hanya nesa da gidan, in ɗaukar mata buhu zuwa injin niƙa. Ita ba ta taɓa hawa ba, a ƙafa take biyo ni.

Da aka canja mana wurin aiki na ba ta makullin da rasit ɗin a kasuwa. Ta ƙulle su a bakin zani, ta ce za ta ajiye shi gidan 'yar uwarta a cikin gari. Ban tambaye ta ko maigidan zai sani ba.