Motar Kalibu Sai da Turi

Kalibu Vandi ya sayi akori-kurarsa a hannun wani Baturen mishan, a shekarar da aka jefa ƙuri'ar raba gardama a Mubi. Tun lokacin ma ta kwana biyu a duniya. Da ita yake kwaso gyaɗa da dawa daga Bahuli da Mayo Bani, ran kasuwa kuma ya leƙa Maiha. Aibinta ɗaya ne, ba ta tashi da makulli, sai an tura.

Saboda haka kullum da safe akwai taro a ƙofar gidansa. Hammanjoda mai nama zai fito yana ƙunƙuni, malamin firamare ya naɗe hannun riga, har Selina mai kunu takan ajiye ludayi ta sa hannu ɗaya, wai don a ce da ita aka yi.

"Baba Kalibu, wannan motan naka ya fi jakin kakana taurin kai," in ji Hammanjoda.

"Tura dai, surutu ba ya ta da inji!" in ji Kalibu.

In ta yi tari ta kama, sai ya bar ta tana rawar jiki, ya sauko ya saya wa kowa kunu. A nan ake gaya masa wa ya haihu, wa ya kwanta ciwo. Tun da matarsa Miriyamu ta rasu, 'yarsu Dokas kuma aure ya kai ta Jos, wannan ɗan zaman ne kaɗai hirarsa. Shi dai bai taɓa lura ba. Kunyar turin ma yake ji, yana ganin ya zame wa unguwa kaya.

Da aka koma tuƙi ta hannun dama, wani dillali ya lallaɓo da daɗin baki. Ya ce sitiyarin tsohuwar ya zama na jiya, ga sabuwa mai shan dizal, murɗa ɗaya ta tashi. Kalibu ya ba da tsohuwa, ya yi ciko, ya karɓi sabuwa fil.

Dillalin bai yi ƙarya ba. Washegari unguwa ta fito kamar yadda ta saba, Kalibu ya murɗa makulli, inji ya ɗauka. Aka yi tafi, aka yi masa barka, kowa ya koma harkarsa. Bayan nan babu wanda ya sake fitowa, to a fito a yi me? In ya wuce sai a ɗaga masa hannu daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa manya. Selina ta mai da tukunyarta bakin tasha. Har surukar Hammanjoda ta rasu aka binne, Kalibu bai ji ba sai bayan an share makoki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Garin gyaran gira ya rasa ido, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Wata safiya yana zaune cikin sabuwar motar shi kaɗai, bai ko murɗa makulli ba, sai ya jiyo hayaniya daga bayan kasuwa: "Tura! Tura!" Ya kuma ji wani tari da ko cikin barci zai gane shi. Ashe dillalin ya sayar wa wani saurayi mai suna Zira tsohuwar.

Kalibu ya sauko ya bi sautin da ƙafa. Ga ta nan, ga Hammanjoda yana zaginta kamar da. Zira ya leƙo ta taga.

"Baba, motanka ya lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji Kalibu.

Ya tuɓe hula, ya matsa kusa da Hammanjoda, ya kafa kafaɗa a bayan motar da bai taɓa turawa ba.

"Sa mata giya biyu, ɗana. Kada ka saki kuloci sai na ce."