Katunan Launin da Aka Ƙona wa Malama Rekiya

Malama Rekiya 'yar Zurmi ce, ɗiyar Mahmuda marini, wanda ya shekara arba'in yana tsoma zane a baba har hannayensa suka daina komawa launinsu na asali. Na san ta ne a wata firamare da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, inda nake koyar da lissafi, ita kuma tana koyar da zane. Ta girme ni da shekara tara, shi ya sa nake ce mata Yaya. Gajera ce, mai saurin tafiya, mai saurin fushi. Idan ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sai dai ka ga hancinta yana buɗewa yana rufewa, to daga nan kowa ke neman hanyarsa.

A ajinta yaro ba ya zana komai sai ya yi wata biyu yana katin launi. Za ta yanka kwali daidai tafin hannu, ta ja layi da rula, ta raba shi gida huɗu. Gidan farko a shafa launi da kaurinsa. Na biyu a ɗiga masa ruwa. Na uku a ƙara ruwa, na huɗu kuma a tsarma shi har ya kusa ɓacewa. Sai a jera katunan a bakin taga, kada wanda ya taɓa, domin a cewarta fentin ruwa maƙaryaci ne muddin yana jiƙe, sai ya bushe yake nuna ainihin abin da yake. Bayan nan ne yaro zai rubuta sunan launin da nasa sunan a ƙasa. Wanda ya tsoma burushin ja a cikin rawaya bai wanke ba, ko ya dirje kwali har ya huje, ranar ya san ya zo makaranta. Amma yara na son ajin nan fiye da nawa, ban kuma taɓa jin haushin hakan ba.

Da aka ba mu sabuwar jiha, ɗan fentin da ake aiko mana daga Sakkwato ya yanke, sababbin ofisoshi kuma suna fama da abubuwan da suka fi fenti. Da wata malamar ce, da ta rufe ɗakin zane ta huta. Ita kuwa sai ta koma wurin mahaifinta. Shi ya riƙa ba ta baba, ya nuna mata yadda ake fitar da ja daga karan dafi. Ta samo gangamau ta yi rawaya, ta niƙa gawayi ta yi baƙi, ta sayo ƙaro a Kasuwar Daji tana jiƙawa don launin ya kama kwali. Burushi kuwa gashin wutsiyar akuya ta ɗaure a kan tsinke. Yara suka shiga kawo mata nasu: wannan jar ƙasa daga garin Ɗan Isa, waccan ruwan lalle. A bayan kowane kati tana rubuta yadda aka haɗa shi, ƙaro nawa, kwana nawa ya jiƙu. Na shuɗi guda bakwai, tsohon ne ya faɗa mata da bakinsa, tana rubutawa. Cikin shekara huɗu ta cika akwatin ƙarfe da katuna.

Da shari'ar Musulunci ta zo jiharmu, Yaya Rekiya tana cikin waɗanda suka yi murna. Ba wanda ya ce mata komai, ita da kanta ta je wurin limamin unguwarsu ta tambaye shi hukuncin aikinta. Da ta dawo ta sauke hotunan saniya da doki da ke bango, ta naɗe su ta ajiye, ta mayar da darasinta kan ganye da tukwane da zanen hula. Katin launi kuwa liman ya ce mata babu komai a cikinsa.

A shekarar aka kawo mana sabon hedimasta, Malam Amadu. Mutum ne mai yawan sauraren ji-ta-ji-ta. Ya ji a wurin mai shayi cewa za a fara zagaya makarantu ana duba abin da ake koyarwa. Ba takarda, ba wanda ya aiko shi. Wata Alhamis, Yaya Rekiya ta tafi Zurmi domin jikin mahaifinta ya tsananta, sai ya sa aka ɓalle kwaɗon ɗakin zane. Aka kwashe komai zuwa bayan makaranta, naɗaɗɗun hotuna da burusa da akwatin katuna, ya juye su wuri guda, ya zuba kananzir. Ina tsaye a tagar ajina da alli a hannu. Na ga iska ta ɗauki wani kati, ya bi shi da gudu ya mayar cikin wutar. Ban ce uffan ba. Kafin Asabar ɗakin ya cika da buhunan geronsa.

Ranar Litinin ta dawo. Ta tsaya a kan tokar ta daɗe, ta sa ƙafa ta tona, ba ta sami komai ba sai gwangwanayen da take haɗa launi. Daga nan ta wuce ofishinsa, ba ta yi sallama ba, abin da ban taɓa gani ta yi ba. Muka taru a baranda muna ji.

"Malam Amadu, mi na yi maka? Wane rai ka gani cikin gida huɗu na shuɗi? Ina kai, ina ƙafa?"

Ya ce mata zane dai zane ne, idan mutanen suka zo ba za su tsaya bambancewa ba, kuma shi za a kama, ba ita ba. Ta tambaye shi su wane ne mutanen. Sai ya koma cewa don Allah ya yi.

"Kada ka sa Allah cikin wagga magana," in ji ta. "Mutane kake tsoro, mutanen ma ba su zo ba. Ka ƙona aikin ɗiyan mutane don ka sami wurin ajiye gero."

Da ta fito ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. A kaina ta tsaya. Ta ce, "Ramatu, kina nan aka yi?" Na ce ina nan. Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake yi mini magana ba sai bayan wata guda. Cikin watan nan mahaifinta ya rasu.

Mijinta Halilu direba ne a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, mutum mai sanyin hali. Da ta ce za ta kai Malam Amadu kotu, ya roƙe ta ta bar wa Allah, ya ce mace da shugabanta a gaban alƙali abin magana ne a gari. Ta ce masa an ce an kawo shari'a don kowa, to za ta je ta gani ko har da ita. Da ta ga ranar zama ta matso, ta zo gidanmu. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ta ce shaida take nema, in zan iya buɗe baki wannan karon. Na ce zan zo.

Kati ɗaya ne ya tsira, wanda ta sa alama da shi a cikin rajistar aji. Shi ta miƙa wa alƙali. Dattijo ne mai ƙaramin gemu, ya juya katin gaba da baya, ya kai shi kusa da ido, sannan ya miƙa wa Malam Amadu ya ce ya nuna masa abin da ya haramta a ciki. Malam Amadu ya juya katin, ya mayar masa. Aka kira ni, na faɗi abin da na gani, har da katin da ya bi da gudu. Alƙali ya ce ya ɓarnata kayan mutane ba da haƙƙi ba, ya jingina wa addini abin da addini bai ce ba, kuma wannan ya fi na farkon muni. Ya umarce shi ya fitar da geronsa, ya buɗe ɗakin, ya kawo kwali da burusa.

Mun ɗauka za ta yi murna. Sai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, bayan katunan nan akwai maganar mahaifina, shi kuma an rufe shi. Wa zai maido mini wannan?" Alƙali ya ce wannan ya fi ƙarfin kotu, sai dai ta yi haƙuri. Ta fita ba ta ce ta yi ba.

An buɗe ɗakin, amma sati shida kawai ta yi a cikinsa. Malam Amadu yana da aboki a ofis, sai ga takarda an mayar da ita wani ƙauye gaba da Shinkafi, kusa da iyaka, makarantar da ba ta da darasin zane ko kaɗan. Kowa ya san dalili, kuma kowa ya sake yin shiru. Ta karanta takardar a tsaye, ta ninke ta, ta ce in gaya wa Malam Amadu ba za ta roƙi kowa ba. Halilu ya ɗora kayansu a motarsa.

Shekara tara ta yi a can tana koyar da Hausa da lissafi da duk abin da aka rasa mai koyarwa. Duk Alhamis bayan an tashi, takan tsayar da wanda ke so, su yanka kwali. Sai dai ba ta ƙara ajiye kati ko ɗaya ba. Yana bushewa za ta ce kowa ya tafi da nasa gida. Ta sake gano ja da rawaya. Shuɗin mahaifinta kuwa ta dawo da huɗu daga cikin bakwai, sauran ukun ta yi ta gwadawa suna fitowa kamar ruwan wanki. Duk ranar da ta gwada ba a iya zama kusa da ita.

Bayan ta yi ritaya ta koma Zurmi, Malam Amadu ya sami kujerar Makka, yana zagayen neman gafara. Ya tsufa, gwiwa ta dame shi. Ya roƙe ni in raka shi, don ya san shi kaɗai ba za ta fito ba. Ta fito zaure da mayafinta, ta amsa gaisuwa a taƙaice. Ya yi magana mai tsawo, ya ce tsoro ne da rashin sani, ya ce abin ya daɗe yana damunsa.

"Nawa kason na yafe maka, saboda inda za ka," in ji ta. "Amma kowane kati da sunan mai shi a ƙasa. Ba ni da ikon yafe na wani. Suna nan Ƙaura da ransu, sun zama iyaye. Ka tafi ka neme su."

Ya ce ai ba zai iya tuna su ba. Ta ce ita tana tune. Ta fara jero su da sunayen iyayensu da unguwanninsu, aji bayan aji, ba ta yi tuntuɓe ba. Ya ciro biro daga aljihu, ya rasa takarda, na yago masa daga littafina. Har aka kira la'asar tana faɗa yana rubutawa. Da za mu tafi ba ta rako mu ba. A mota ya tambaye ni ko na san inda gidan Nusaiba 'yar Idi mai faci, ta farko a takardarsa, yake yanzu, na ce na sani, bayan kasuwa ne.